Katin da Hajja Ta Ƙi Yarda da Shi

Tunda na dawo Kazaure bakina bai huta ba. In na je wurin mai shayi, "Habu, yaya Landan?" In na fito daga masallaci, "Habu, wai da gaske rana ba ta faɗuwa a can?" Har wani abokina ya tambaye ni ko ƙanƙara ta zubo mini a ka, alhali a tsakiyar zafinsu muka je. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta. Kuma tun yanzu in faɗa muku gaskiya: ni ban ga Landan ba. Abin da na gani shi ne bayan mayafin kakata Hajja, da cikin motocin bas.

Yayata Rabi ce ta haihu a can, inda mijinta Yaya Kabiru yake aikin jinya a wani asibiti. Hajja ta ce muddin tana numfashi babu wanda zai yi wa jikarta wankan jego sai ita. Aka rasa mai raka ta, sai aka tuna na gama jarrabawar sakandare ina zaman cin tuwo, kuma ina jin Turanci. Hajja ta dube ni sama da ƙasa ta ce miji ne dai rago, amma tunda babu wani, za ta lallaɓa da ni.

Labarin tafiyar na fita, gidanmu ya koma tasha. Ashe kowa yana da ɗa a Turai. Daga Roni aka kawo kuka da daddawa, daga Babura aka kawo kilishi, wani dattijo daga Kanya Babba ya kawo yaji ya ce a ba ɗansa da ke Jamus, wai mu ajiye masa a hanya in mun zo wucewa. Hajja ba ta mayar da na kowa ba sai na mutumin Jamus.

Ana gobe za mu tashi Iya Tabawa ta iso daga Gwiwa a bayan babur. Ƙawar Hajja ce tun suna 'yan mata. Ɗanta Sa'idu ya tafi karatu Landan shekarun baya, da farko yana kira, daga baya kiran ya ragu, har ya ɗauke gaba ɗaya. Ta fito da wani ɗan ƙulli a tsohuwar atamfa, bai fi tafin hannu biyu ba, ta ɗora wa Hajja a cinya.

"Hannu da hannu, Hajja. Kuma ki dube shi da kyau, ki zo ki gaya mini."

Hajja ta ce, "Na ɗauka."

Wannan ƙullin bai shiga akwati ba. A jakar hannunta ya zauna, tare da carbi da goro.

Hanyar Kano lafiya lau, in ban da Hajja da ta tsayar da direba a Ɗambatta don ta tuna ba ta sallami wata maƙwabciya ba, ta sa aka kira matar a waya suka yi gaisuwar da ta isa a dafa wake. A cikin jirgi ta ƙi cin abinci, ta ce ba ta san wanda ya yanka kazar ba, amma ta naɗe 'yan cokulan roba da man shanun ta zuba a jaka. Ta kuma sa na tambayi ma'aikaciyar jirgin ina alƙibla. Matar ta nuna gaba, jirgin ya karkata, Hajja ta ce in sake tambaya.

A kwastam ɗin Landan aka buɗe akwatinmu. Jami'in ya ɗago leda cike da fararen dunƙule, ya dube ni, ya dubi Hajja, ya kira abokin aikinsa. Kanwa ce ta kunun mai jego. Na yi bayani har gumi ya keto mini, na ce gishiri ne na tafki, na ce magani ne, na ce abinci ne, duk a numfashi guda. Hajja ta ga abin yana jan lokaci, ta gutsuri ɗan guntu ta jefa a baki tana kallonsa. Suka bar mana kanwar. Kilishin Babura kuwa suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Hajja ta ce in gaya masa amana ce, kuma duk wanda ya ci Allah yana kallonsa. Na juya na ce masa kakata ta ce ta gode da aikinsa. Ya yi murmushi ya ce ita ma ya gode. Hajja ta ce ba ta taɓa ganin mara kunya irinsa ba.

Gidan su Yaya Rabi, in ka miƙa hannu daga ɗaki sai ka taɓa tukunya a kicin. Ni a falo nake kwana, ƙafafuna a ƙarƙashin tebur. Ranar farko da Hajja ta ɗora ruwan wanka ta bar shi yana tafasa yadda take so, wani abin gargaɗin gobara a silin ya fara ihu kamar an taka wutsiyar kare, maƙwabta suka fito da kayan barci. Abinci kuwa, Yaya Kabiru ya sayo mana kifi da dankali a takarda, wai shi ne abin alfaharin garin. Babu yaji, babu gishirin kirki, babu ko albasa. Hajja ta ci loma guda ta tambaya ko masu garin duka ba su da lafiya ne.

To, yanzu ga inda wahalata ta fara.

A can ba a biyan kuɗin mota da hannu. Babu kwandasta, babu "a matsa a gyara", babu canji. Kati ne ake zuba masa kuɗi, kowa da nasa. In za ka hau bas ka ɗora shi a kan wata na'ura kusa da direba, ta yi ƙara, ta ciri kuɗinta. In jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, ka ɗora a shiga, ka ɗora a fita, don su san nisan da ka yi. Yaya Kabiru ya ba ni ɗaya, ya ba Hajja ɗaya, ya ce akwai wani sauƙi da ya kamata mu sani. Kowace rana akwai iyakar abin da za a cira a kati. Za su yi ta cira, hawa bayan hawa, har abin ya kai wannan iyakar. Yana kaiwa sun daina, duk hawan da ka yi bayan nan ba a taɓa maka komai, sai gari ya waye a fara sabon lissafi. Sharaɗin guda ne: kati ɗaya za ka riƙe tun safe, don kowane kati lissafinsa daban. Ya ce saboda haka mu riƙa haɗa kai saƙonni da yawa a rana guda.

Hajja tana gasa wa jariri cibiya a lokacin. Ta ce "to", irin "to" ɗin da ake ce wa yaro in yana ba da labarin mafarki.

Mun fara rabon saƙo. Wanda ya tsara wannan iyakar bai san ziyarar Bahaushe ba. Shi a tunaninsa ka sauka, ka miƙa, ka hau ta gaba. Mu kuwa kowane gida sai an gaisa, an tambayi mutanen Roni ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka mutu, an ci abinci, an yi salla, an rako mu bakin titi an sake sabuwar gaisuwa. Kwanakin farko ko kusa da iyakar ba mu kai ba. Bayan kowane hawa Hajja sai ta ce in duba mata nawa aka cira, in faɗa, ta juya shi zuwa naira a kanta, ta yi salati.

Sai wata rana muka yi sa'a, gidaje biyu ba mu sami kowa ba, muka yi ta hawa da sauka. Da la'asar ta ɗora katinta, na leƙa, na ce mata albishir, ba su ciri komai ba.

Ta tsaya cak a bakin ƙofa, mutane a bayanmu. Ta ce me nake nufi ba su cira ba. Na ce iyakar da Yaya Kabiru ya faɗa ce muka kai. Ta ce injin ya lalace, in gaya wa direba. Na ja ta muka zauna. Har muka isa gida ba ta jingina da kujera ba, a bakin-bakin ta zauna kamar wadda za ta rage wa motar nauyi.

A gida Yaya Kabiru ya sake bayani, wannan karon da 'ya'yan dabino a faranti. Hajja ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta tambaye shi ko motar ta daina shan mai ne in an kai iyakar. Ya ce a'a. Ta tambaya ko direban ba shi da iyali. Ya ce albashi ake biyansa, bai shafe shi ba. Ta ce haka kowane mai mota yake faɗa, amma ita ta san in kuɗin yini bai cika ba a jikin direba ake fanshewa, ƙanenta ya yi tuƙin Babura zuwa Kano har bayansa ya ranƙwafa. Ta ce ita ta kai shekarun da ba za ta je lahira a tsayar da ita kan kuɗin motar Bature ba.

Washegari na ga abin da ta shirya. Ta karɓi katin Yaya Rabi, tunda mai jego ba fita take ba, ta kuma ɗauki wani na ajiya da ke kan firji. Da zarar nata ya daina cira, sai ta mayar da shi lalita ta zaro wani, wanda zai fara lissafinsa daga tushe. Na ce mata Hajja, wannan fa shi ne ainihin abin da aka ce kada a yi. Ta ce shi ya sa take yi.

Na gwada dabara. Na riƙa ce mata sun cira ko da ba su cira ba. Kwana ɗaya abin ya yi aiki. Daga nan ta gane siffar sifili a jikin na'urar, ta ce ƙwai ne, in ta ga ƙwai ta san an yi mata kyautar da ba ta roƙa ba. Ta ce in ci gaba da hawa da nawa yadda nake so, na balaga, ni na san abin da zan gaya wa Ubangijina.

Akwai ranar da ta bi bayan wata mai keken jariri ta fita ta babbar ƙofar tashar jirgi ba ta ɗora kati ba. In ka yi haka sai su ɗauka ka yi tafiya mafi nisa, su cire maka kuɗi mai yawa, kuma wannan ba ya shiga lissafin iyakar yini. Yaya Kabiru ya duba a wayarsa ya dafe kai. Hajja ta ce alhamdu lillahi, ya zama kaffarar hawan kyauta na ranar farko. Ina jin a duk faɗin Landan ita kaɗai ce ake cin tararta ta yi godiya.

Duk wannan lokacin ƙullin Iya Tabawa yana nan a jaka. Lambar Sa'idu ba ta shiga. Duk gidan da muka je Hajja sai ta tambaya, wasu su ce ba su san shi ba, wasu su ce sun kwana biyu ba su gan shi ba, su kau da kai. Kowace safiya sai ta fito da ƙullin ta gyara masa ɗauri ta mayar.

Ana gobe za mu dawo muka fita da sauran saƙonnin. Yaya Kabiru ya tafi aiki da sassafe bai samu ya ƙara wa katunan kuɗi ba, ya ce abin da ke ciki zai ishe mu in Hajja ta bi ƙa'ida. Ni na san ba za ta bi ba. Kafin azahar ta gama wucewa katinta ya nuna ƙwai, ta zaro na Yaya Rabi. Ba a jima ba shi ma ya kwanta, ba don ya kai iyaka ba, don kuɗinsa ya ƙare. Ta zaro na kan firji.

A gida na ƙarshe, wajen wani mutumin Roni mai sayar da kayan miya, muka dace. Hajja ta yi tambayarta, mutumin ya kau da kai, matarsa ta ce masa ya ji tsoron Allah ya faɗa, tsohuwa ce ta aiko. Ya gaya mana unguwar da lambar gidan, can wani gefen gari, ya ce Sa'idu yana fita aiki kafin magariba, in za mu je mu hanzarta.

Muka fito da sauri, har Hajja tana riga ni. Bas ta zo, ta ɗora katin kan firji, na'urar ta yi wata ƙara mara daɗi ta nuna ja. Ya ƙare. Muka sauka. Wayata ba ta da layin can, ba ta aiki sai da intanet ɗin gida. A lalitar Hajja akwai naira, akwai sefa da ta rage tun wani zuwanta Magarya, babu fam ko ɗaya. Abin da ya rage mana a duniya shi ne katina da katinta na farko, waɗanda duka sun kai iyaka, suna iya kai mu ko'ina a kyauta har gobe.

Na ce Hajja ki fito da shi. Ta ce a'a. Na ce to mu koma gida da ƙafa mu ce wa Iya Tabawa ba mu same shi ba. Ta harare ni. Ta ce in tafi ni kaɗai kuwa ba zai yiwu ba, hannu da hannu aka ce, kuma ita aka ce ta dube shi.

Bas ɗaya ta wuce mu. Na yi magiya, na yi fushi, na yi barazanar zan sake ta in auri Baturiya. Ko kallona ba ta yi ba. Ta zauna a ɗan bencin tashar, jaka a cinya, hannunta a kan ƙullin.

Can na tuna yadda take yi in za ta kasuwar Gwiwa. Na ce Hajja, in kin ɗauki shatar ɗan acaba yini guda, kin biya shi kuɗin yini, sau nawa yake kai ki gidan 'yan'uwa? Ta ce iya yadda ta ga dama. Na ce kina ƙara masa a kowane hawa? Ta ce a'a, ai an gama magana. Na ce to wannan ma shata ce, kin biya kuɗin yini tun azahar, kaɗan-kaɗan kika biya shi ba ki sani ba.

Ta kai hannu wajen lalita har na fara murna. Sannan ta ce, "Shata da baki ake yin ta. Ni da wa na yi magana? Wa ya ce mini ya yarda?"

Wata bas ta taho. Hajja ta miƙe, ta zaro katin, ta ce in shiga gaba in tambayi direban, kuma in faɗi abin da ta faɗa daidai, ba irin fassarar da na yi a kwastam ba. Ashe ta gane.

Direban wani ƙato ne mai rawani irin na mutanen Indiya, yana zaune a bayan gilashi. Hajja ta ɗora kati, ƙwai ya fito, ta tsaya. Na sunkuya wajen ramin gilashin na ce masa kakata tana tambaya, katinta bai cire komai ba, shin ya yarda ta hau, kuma ya yafe mata duniya da lahira. Ya ce me? Na maimaita. Layi ya taru a bayanmu, wani mai jaka yana duba agogo yana huci. Direban ya ce katin lafiyarsa ƙalau, ta biya na yau, ta wuce. Na fassara. Hajja ta ce ba wannan ta tambaya ba, shi a karan kansa ya yafe?

Na so ƙasa ta tsage. Na sake tambaya. Mutumin ya leƙo ya dubi Hajja sosai, tsohuwa da mayafi da jaka a ƙirji. Ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce ya yafe, Mama ta zauna.

Hajja ta ce, "Yanzu aka yi ciniki." Ta ajiye masa goro a bakin gilashin ta wuce, ta zauna ta jingina.

Mun sami Sa'idu yana kulle ƙofa, da rigar aiki mai ƙyalli a hannu. Ɗaki ne guda a saman wani shago, su da yawa suke kwana a ciki. Da na gan shi a hanya ba zan ce shi ne na hoton da ke ɗakin Iya Tabawa ba. Wuyansa ya zama kamar na zakara, furfura ta fito masa. Yana ganin Hajja ya durƙusa a kan matattakala. Ya fara cewa karatun ne bai yiwu ba, takardunsa kuma sun ƙare, kunya ce ta hana shi kira. Hajja ta ce ba a aiko ta jin wannan ba. Ta kama hannunsa ta buɗe, ta ɗora ƙullin a ciki. Dakuwa ce da aya, sai hular babansa marigayi a ninke. Ya kifa fuskarsa a hular. Hajja ta tsaya tana dubansa, tun daga kai har takalmi. Da za mu tafi ta ce masa ranar Juma'a za ta je Gwiwa da wayar jikanta, ta sa na ba shi lambar, ta ce in ya ga dama ya kira.

A hanyar komawa bas biyu muka hau, kuma kowane direba sai da na nemi yafiyarsa.

Juma'ar da muka dawo muka tafi Gwiwa. Iya Tabawa tana tsakar gida tana sussukar gero, ta yar da taɓarya ta taho. Ko ruwa ba ta bari mun sha ba. Hajja ta ce hannu da hannu, ta ba shi, ya karɓa, ya gode. Iya Tabawa ta zauna a kan turmi ta ce, "Kin dube shi? Yaya jikinsa? Bai rame ba ko?"

Hajja ta sunkuyar da kai. Ta gyara mayafi. Ta ɗauko goro ta mayar. Sannan ta zungure ni da gwiwar hannu, ba ta kalle ni ba.

"Kai, mai bakin labari. Gaya mata."

Na ce Iya, ai da ƙyar ƙofar ɗakin take ɗaukarsa. Na ce kumatunsa har rawa suke in yana tafiya, hular da kika aika ma a tsakiyar kai ta tsaya masa. Iya Tabawa ta fashe da dariya tana share ido da bakin zane, tana cewa haka babansa yake in ya samu hutu. Hajja tana jan carbi da sauri, kanta a ƙasa, ina jin tana istigfari a madadina.

Ina cikin bayanin girman tumbinsa wayar ta fara ruri a aljihuna.